KOREN RUWAN BAYAN GARI DA ASARAR DA YAKE JAWO WA UWARGIDA

 Makon nan zancenmu na ruwa ne, ruwan nan da ke kwance a bayan gari, wanda kowa ya raina amma kowa ke mora.

Duk wadda ta san ƙasar Ɗanbatta ta san da wuya a rasa kududdufi a gefen ƙauye. Asalinsa rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. A nan magina ke buga tubali, a nan yara ke wanki da wanka, awaki da tumaki su sha, agwagi su yi iyo. Ban da kududdufai kuma ga Dam ɗin Tomas kusa da mu, ɗaya daga cikin madatsun ruwa da aka yi a Jihar Kano cikin shekarun 1970, bisa shirin da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako. Masunta na ci daga gare shi, masu noman rani na ci, makiyaya na ci. To, idan ruwan sama ya ɗauke, rana ta buɗe, sai ki ga wani ruwan ya soma sāke kama. Yau fatsi-fatsi, gobe kore, jibi ya yi kauri a baki-baki kamar miyar kuka da ta kwana. Mu dai duk sunansa ɗaya a wurinmu, gansakuka. Mukan ce ƙazanta ce kawai, mu kau da ita da bakin bokiti mu ɗiba. A nan ne asarar ke farawa.

Gansakuka iri biyu ce

Akwai mai zare-zare, wadda idan yaro ya sa kara ya ɗago, sai ta biyo karan tana reto kamar jiƙaƙƙen gashi. Wannan galibi ba ta da guba, ko da yake ba ta da kyan gani. Akwai kuma wadda idan an sa kara ba abin da ke biyo shi, sai dai ya fito kamar an tsoma shi cikin koren fenti. Wani lokaci takan yi shuɗi-shuɗi a inda ta bushe a gaɓa, ta riƙa wari kamar ruɓaɓɓiyar ciyawa. Wannan ta biyun ita ce abin tsoro. Masana sun ce ba tsiro ba ce irin kainuwa ko bado, ƙwayoyin halitta ne ƙanana ƙwarai, dangin bakteriya, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru dubbai. Abincinsu hasken rana da taki, kamar dai gero. Suna son ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu.

Suna da wata dabara kuma. A jikinsu akwai 'yan jakunkunan iska da ke sa su taso sama idan ruwa ya kwanta. Da safe, in gari ya yi tsit, sai su yi yāna a saman ruwa, iska kuwa ta tattaro su ta kai gefe guda. Wane gefe? Bakin gaɓa, daidai wurin da akuya ke sa baki, daidai wurin da yarinya ke tsugunawa da bokitinta. Tsakiyar ruwan na iya zama da dama-dama, gefen kuwa ya fi shi guba nesa ba kusa ba.

Ba kowane koren fenti ke da guba ba, kuma wanda ba shi da ita yau yana iya samunta mako mai zuwa. Ido ba ya rarrabewa, hanci ba ya rarrabewa, sai an kai ɗakin gwaji. Gubar da aka fi sani ana kiranta maikurosistin, hanta take kamawa. Akwai wata kuma mai kama jijiyoyi, wadda kan kā da dabba tun ba ta yi nisa da bakin ruwa ba.

Kada wata ta ce ai wannan ciwon ƙasashen Turawa ne. A 2009 malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ruwan tafkunan kiwon kifi da waɗansu ruwaye na Zariya, suka sami maikurosistin a ciki. Rana ɗaya ke dukanmu da Zariya, taki iri ɗaya muke zubawa.

A nan bari in ɗan ratse, don kada a yi wa dangi duka kuɗin goro. Can ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Chadi, akwai tafkuna masu kanwa inda wata 'yar'uwar wannan gansakuka ke fitowa, ita kuwa abinci ce. Matan Kanembu ke kwasarta, su zuba a rami cikin yashi ta tsane, ta bushe, su yanka gunduwa-gunduwa su kai kasuwa, ana miya da ita. Suna kiranta dihe, Turawa kuma sun sa ta a kwalba suna sayarwa da tsada. Amma wannan irin daban ne, ruwansa daban. Kada wata ta ji labari ta ce za ta gwada da na bayan gidansu.

Akuyar uwargida

Mu fara lissafi daga inda ya fi zafi. A karkararmu akuya da tunkiya su ne asusun mace. Da su ake yi wa ɗiya kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake fita kunyar biki da suna. Wata ta shekara tana tara dusa da harawa don ragon da za ta tura kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi kafin Babbar Salla. Ku duba kuma yadda al'adarmu ta kiwo take. Da damina dabbobi na ɗaure a turke saboda shuka, ana kawo musu ciyawa da ruwa har gida. Sai an kau da amfanin gona a sake su. Watau lokacin da aka sake su ke nan, da kaka, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, rana ta yi zafi, kududdufi ya soma janyewa yana kauri. Daga nan har bazara, duk ruwan da bai ƙafe ba sai ƙara ɗumi yake yi, takin da ke cikinsa na ƙara haɗuwa wuri ɗaya. Dabba mai ƙishi kuwa ba ta zaɓe. Kare ma har lasar busasshiyar yānar yake yi a gaɓa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta labarin wani tafki a kudancin Ostareliya da ya yi kore, tumaki da shanu da dawaki da karnuka suka sha, suka mutu cikin sa'o'i. Shi ne rahoto na farko da masana suka riƙe a kan wannan guba. A 2020 kuma giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin Botsuwana, da yawansu a bakin tafkunan shan ruwa, gwamnatin ƙasar ta ce gubar gansakuka ce. Kai jama'a! Abin da ya kā da giwa, ina akuya?

Alamun da za ki lura da su: dabba ta dawo daga kiwo tana tangaɗi, tana dalalar da yawu, ta ƙi abinci, ko ta kama zawo, wani lokaci da jini. Ki duba bakinta da ƙafafunta ko akwai kore. Wadda ta tsallake kwanakin farko, idonta kan yi rawaya saboda hanta ta taɓu, kuma wuraren da fatarta ke da fari sukan kumbura su saɓule in rana ta doke su. Babu allurar da ke karya wannan guba kai tsaye. Abin yi shi ne a kai dabbar inuwa, a wanke mata baki da ƙafafu da ruwa mai kyau, a ba ta ruwan rijiya, a tsare sauran a gida, sa'an nan a kira malamin dabbobi da gaggawa, shi ya san abin da zai taimaka mata.

Ga wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mun saba, da an ga dabba za ta mutu sai a ce a kawo wuƙa kada ta yi mushe, a fanshe ko rabin kuɗi a wurin mahauci. Na san zafin asara. Amma dabbar da ta faɗi farat ɗaya bayan ta sha koren ruwa, hantarta da kayan cikinta nan ne gubar ke taruwa, hanta kuwa ita muke ba yara da maijego don muna ganin ta fi amfani. Ban da haka, faɗuwar farat ɗaya alama ce ta waɗansu cututtukan dabbobi masu kama mutum. A bari malamin dabbobi ya gani tukuna. Rabin kuɗin akuya bai kai kuɗin gadon asibiti ba.

Tafasawa ba ta magani

Wannan ita ce maganar da nake so kowace 'yar makaranta ta haddace ta kai wa uwarta. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya na koya mana a tace ruwa, a tafasa. Gaskiya suka faɗa, da irin wannan koyarwa aka rabu da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa babu shi a Nijeriya. Tafasawa na kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot. Amma maikurosistin ba rai gare ta ba balle a kashe. Guba ce mai jure wuta. In kin ɗora koren ruwa a murhu, zafi ya farfasa ƙwayoyin, gubar da ke ƙunshe cikinsu ta fito ta gauraye da ruwan. Ruwa ya ragu da tururi, ita tana nan. Kin ƙone itacenki, kin ƙara mata ƙarfi. Ƙyallen tata ba ya tare ta. Alam da 'ya'yan zogale sukan kwantar da laka da koren, ruwa ya yi garau a ido, amma abin da ya riga ya narke yana nan ciki.

Ƙanƙanin abu ne ke isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da mutum zai riƙa sha kullum kada gubar ta wuce maikurogiram 1 a lita. Watau a raba giram ɗaya kashi miliyan, a ɗauki kashi ɗaya. Don ki gane sosai, ƙaramin dunƙulen Maggi giram 4 ne. Gubar da ta kai nauyinsa ta isa ta kai jarka 160,000, masu cin lita 25, bakin wannan iyaka.

Manyan ƙasashe masu injuna ma ta ba su kashi. A watan Agusta 2014, a birnin Tolido na Jihar Ohayo a Amurka, aka wayi gari hukuma ta ce kada kowa ya sha ruwan famfo, kada kuma a tafasa shi. Mutum wajen 400,000 suka kwana biyu zuwa uku a haka. Ruwan kwalba ya ƙare a kantuna, mutane suka riƙa tafiya garuruwan nesa nemansa, gidajen abinci suka rufe. Daga Tafkin Iri suke jan ruwa, takin gonakin da ke kewaye kuwa shi ya ciyar da gansakukar. Da masu lissafi suka zauna daga baya, suka ƙiyasta asarar wannan shekara kaɗai a kan dala miliyan 65, in an haɗa da faɗuwar darajar gidajen bakin ruwa da baƙin da suka fasa zuwa. A 2007 irin wannan ta sami birnin Wushi na ƙasar Sin, mutum wajen miliyan 2 suka yi kusan mako ba ruwan famfo. Mafi ban tausayi shi ne na garin Caruaru a Burazil a 1996, inda aka yi wa masu ciwon ƙoda wankin jini da ruwan wani dam da ba a tace sosai ba, fiye da mutum 50 suka rasu.

Mu namu lissafin ba na miliyoyin dala ba ne, na jarka ne, amma a aljihunmu ya fi nauyi. A ce gida na ɗibar jarka 4 kullum daga kududdufi don dabbobi da wanki, kyauta. Ran da ruwan ya ɓaci, jarka 4 ɗin nan sai a saya wurin 'yan garuwa, ko a tura yara layin burtsatse. A wata jarka 120 ke nan, a wata uku 360. Ki buga da kuɗin jarka a unguwarku ki gani. Kuma kin san halin kasuwa, ran da kowa ya koma kan mai kura, ran nan jarka ke tashi. Kuɗin nan daga ina zai fito? Daga ribar ƙuli-ƙuli da ƙosai, daga kuɗin adashe. In kuwa ba a saya ba, to yarinya ce za ta biya da lokacinta, ta isa makaranta an gama darasin farko, in ma ta je.

Kifi da lambu

Masunta sun san wani abu da mu na cikin gida ba mu sani ba. Idan ruwa ya yi kore ƙwarai, da asuba sukan tarar da kifi ya taso sama yana haki. Dalili, da rana gansakuka na ba ruwa iskar shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, sai ta ƙwace wa kifi. Ran da ta mutu gaba ɗaya ta soma ruɓa, sai iskar ta ƙare ƙaf, a wayi gari karfasa ta yi fari a bakin gaɓa. Tarwaɗa ta fi juriya don tana iya shaƙar iskar sama. Ko kifin bai mutu ba, namansa kan ɗauki warin laka, mai saye ya ɗanɗana sau ɗaya ya sauya wuri. Asarar ba ta tsaya kan mai koma ba. Tana bin mai suya a bakin tasha, da mai banda, da yarinyar da ke talla.

Uwargida, kifin da aka tsinto matacce a bakin ruwa kada ya shiga tukunyarki, ko da kyauta ne. Wanda aka kama da rai kuma, a cire kayan cikinsa duka a zubar inda kaza da kyanwa ba za su kai ba, a wanke da ruwa mai kyau, don gubar ta fi taruwa a hanta da hanji. 'Yan ƙananan kifin da ake soyawa ɗungum da cikinsu, a haƙura da su in an san daga koren ruwa suka fito.

Lambu ma bai tsira ba. A 2019 malaman jami'ar nan ta Zariya suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa alayyafo da kabeji da latas na kasuwannin garin, suka sami maikurosistin a cikinsu. Ta ruwan ban-ruwa take shiga, kuma wadda ta shiga cikin ganye wanki ba ya fid da ita. Ban ce a bar cin ganye ba, Allah ya kiyaye, jikin yara na bukatarsa. Abin da na ce shi ne, in maigida ko ɗanki na noman rani, ki gaya masa kada ya jefa tiyon injinsa cikin yānar bakin gaɓa. Ya zurfafa shi can ƙasa da ita, nesa da gefen da iska ke tara ta, in kuwa da hali ya yi rijiyar lambu, don ƙasa na tace abu mai yawa kafin ruwa ya iso.

Wurin wasan yara

Yaran ƙauye ba su da wani wurin iyo sai kududdufi da bakin dam, kuma duk wadda ta yi ƙuruciya a karkara ta san daɗin faɗawa ruwa da tsakar ranar bazara. Dā ma muna fama da tsargiya, ga wannan kuma. Yaron da ya yi wanka cikin koren fenti kan dawo da ƙaiƙayi da ƙuraje, ido ja, maƙogwaro na zafi. In ya haɗiya, amai da gudawa. Uwa ta ce shawara ce ko mayu, a sayi wannan a jiƙa wancan, kuɗi na fita, gobe kuma ya koma ruwan. Ƙaramin yaro ya fi shiga haɗari don jikinsa kaɗan ne, kuma shi ne mai wasa a baki-baki inda yānar take. In ya shiga, a yi masa wanka nan da nan da ruwa mai kyau da sabulu, a wanke tufafinsa. In amai ko gudawa ya biyo baya a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita ruwan da ya shiga. Wannan kalma ɗaya na iya rage muku yawon gwaje-gwaje.

Shaƙatawa a bakin ruwa kuma sana'a ce, ko da yake ba mu cika lissafa ta ba. Waɗanda suka gina Tiga da Bagauda sun san haka, shi ya sa suka yi masaukin baƙi a gefensu. Duk inda samari da 'yammata suka taru yawon Salla a bakin ruwa, akwai mai kwalekwale, akwai mai awara, mai zoɓo, mai rake, mai ɗaukar hoto. Ruwa mai wari ba ya tara mutane. A watan Yuli 2019 Jihar Misisipi ta Amurka ta hana shiga ruwa a dukkan wuraren wanka 21 na bakin tekunta saboda wannan gansakuka, ana tsakiyar lokacin hutunsu, masu masauki da masu hayar jiragen wasa suka zauna suna kallon ruwa ba ciniki.

Wa ke ciyar da ita?

Mu ne, ba wani ba. Abu biyu take nema, fosfaras da naitirojin, su ne kuwa ke cikin buhun kamfa da yuriya da muke saye da tsada. Ƙasarmu ta Ɗanbatta jigawa ce, gona na manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an ba ƙasa taki. In an watsa taki a sama aka bar shi, ruwan sama mai ƙarfi ya zo, rabonsa na gero ya tafi kwari. Manomi ya yi asara sau biyu ke nan: ya sayi taki bai ci amfaninsa ba, takin kuma ya je ya ɓata ruwan da dabbobinsa za su sha. Ga jujin takin gida da ake tarawa a lungu kafin jakuna su kwashe, sau da yawa a kan hanyar ruwa yake. Ga kwatar gidajenmu, da ruwan wanke-wanke da na omo, duk kududdufi suka nufa. Ga shanu da ke shiga har gwiwa suna sha suna kashi a ciki. Ga kuma masu zagayawa bakin ruwa, alhali tun muna makarantar allo malamai ke gaya mana an hana yin bawali cikin ruwan da ba ya gudu.

Wadda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ta tambayi labarin Kogin Jakara, wanda ke kwashe ruwan kwatocin birnin Kano ya kai dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. Ruwan da ya daɗe yana karɓar ƙazanta, takin na kwanta cikin lakar ƙasansa, ko an daina zubawa yau zai shekara da shekaru yana tasowa. Gyaran dam da ya lalace aikin gwamnati ne mai cin kuɗi ƙwarai. Hana shi lalacewa kuwa da yawansa aikin fartanya ne.

A binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, kada kuma a zuba shi ana ganin hadari ya haɗu. A bar gamba ko jema su yi layi tsakanin gona da bakin ruwa, saiwarsu na riƙe ƙasa da taki, ga zana ga jinka a samu daga baya. A janye juji daga hanyar ruwa. Uwargida ta sa a haƙa ɗan rami a ƙarshen kwata, a cika da tsakuwa, ko a dasa gwanda ko zogale a wurin su sha. Ba a yin masai kusa da kududdufi ko rijiya.

Abu ɗaya da nake roƙo kada a yi: kada wani mai dabara ya ce zai zuba magani ya kashe koren. Ya mutu, i, amma da ya mutu sai ya saki gubarsa duka lokaci ɗaya, ruwan ya yi haske a ido alhali ran nan ya fi kowace rana haɗari. Ko da kansa ya washe, a ba shi mako biyu kafin a mai da dabbobi.

Na san da yawanmu ba ma fita, to amma dabbobin namu ne, yaran da ke kai su ruwa kuma mu ke aikensu. Matan gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi a yanka tsohuwar durom biyu a yi komin shayarwa kusa da rijiya, a riƙa ba dabbobi ruwa kafin a sake su da safe, don wadda ta ƙoshi ba ta rububin kududdufi. In ruwan unguwa ya yi fenti, a gaya wa maigida ya gaya wa mai unguwa, a sa ƙaya a kewaye gefen da yānar ke taruwa, a yi shela a masallaci, a sanar da duba-gari da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan Ɗanbatta, ga Jami'ar Bayero a Kano, akwai malaman da aikinsu ke nan su duba ruwa a madubin ƙara girma su faɗi irin abin da ke ciki.

Ku kuma 'yan makaranta ga aikinku, amma da izinin malama, kuma da babba a kusa. Ki sami kwalba mai haske mai murfi. Ki sa hannunki cikin leda, ki ɗebo ruwan daga ɗan ƙasa da yānar, kada ki cika ta fal, ki rufe, ki wanke bayanta da hannuwanki da sabulu. Ki ajiye ta wuri mai sanyi da duhu inda ƙannenki ba za su kai ba, gindin randa ya isa, kada a girgiza ta har gari ya waye. In koren ya kwanta a ƙasa, galibi gansakuka ce ta yau da kullum. In kuwa ya taso ya yi zobe a wuyan kwalbar, to mai jakar iska ce, a tsare dabbobi da yara daga wannan ruwa. Ki rubuta sunan kududdufin da kwanan wata a takarda ki liƙa a jiki, ki kai wa malamar kimiyya ranar Litinin.